Dawar Sallama

Jikata Talatu ta zo mini daga Funtuwa da wata baƙar riga mai faɗi kamar ta alƙali, da hula mai kusurwa huɗu da jela tana lilo, ta ce in duba in gani, da su za ta fita daga sakandare. Na duba. Na ce rigar ba laifi, hular kuma in an gama da ita a ba ni in riƙa rufe kwano. Sannan na tambaye ta abin da ya dame ni. Na ce, "To dawar fa, a me za a zuba muku?" Ta dube ni kamar na yi mata wani yare, ta ce, "Wace dawa kuma, Kaka?" Yarinyar nan ta yi shekarunta a makarantar da na yi, ta durƙusa a cocin da na durƙusa, amma ko labarin dawar sallama ba ta taɓa ji ba. Damin da take gani ina aikawa makarantar duk kaka, ashe ta ɗauka kyauta ce nake yi wa Fada, limamin cocin. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da ita nake fushi ba.

A zamaninmu makarantar ba ta da katanga. Iyakarta gona ce, iyakar gonar kuma inda ƙarfinmu ya tsaya. Wani tsohon ƙarfen ƙafar mota aka rataye a jikin maɗaci, shi ke tashinmu, shi ke kiranmu addu'a, shi ke sallamarmu, kuma har yau in na ji maƙeri ya doki ƙarfe sai in ji kamar na makara. Da safe za ka ji ƙarar bokitai a bakin rijiya, da shara, da tarin da katikis, mai koyar da addini, yake yi yana buɗe tagogin coci. In an fito daga addu'ar Mas a shiga aji, in rana ta yi sanyi kowa ya ɗauki fartanya. 'Ya'yan Maguzawa ne mafi yawanmu, da 'ya'yan ma'aikata da suka zo daga kudu, da 'yan Musulmi kaɗan da iyayensu suka yarda, su ba a tilasta musu shiga coci, amma gona ba ta da addini, kowa sai ya duƙa. Wata Baturiya ce shugabarmu, muna ce mata Sista Babba. Doguwa ce, ba ta da nama, tana ɗaure bakin farar rigarta ta shiga kunya tare da mu. Idan ta ga yarinya tana noma a tsaye kamar mai shara, sai ta ce, "Yadda kike yi wa ƙasa, haka za ki yi wa addu'a, haka za ki yi wa littafi." Mun sha yi mata dariya a bayan ido, don ba ta taɓa iya riƙon fartanya yadda ya kamata ba. Amma ba ta taɓa barin kunya a rabi ba, wannan kam na shaida.

A lokacin shekarar karatu da kaka take ƙarewa, ba kamar yanzu da ake sallamar yara a tsakiyar damina ba. Jarrabawa da girbi tare suke zuwa. Da safe mu yi ta fama da takarda, da yamma mu yanki zangarniya, mu ɗaure dami, ƙaiƙayi ya cika mana wuya. Kafin a kai komai rumbu, 'yan ajin ƙarshe ne ke shiga su zaɓi zangarniyar da ta fi cika, mai nauyin da ya sa ta sunkuyar da kai, a ware ta gefe. Ita ba a ci. Mu sussuke ta da hannunmu, mu sheƙe, mu zuba a babban masaki. Ranar sallama, bayan an karanta sakamako, wanda zai yi kuka ya yi, sai a ɗauki masakin a kai gaban bagade. Fada ya yayyafa masa ruwa mai tsarki, mu kuma mu jeru, kowace da ƙwaryarta. Sista Babba ta auna miki tiya guda, ta dube ki cikin ido ta ce, "Ki ajiye, ki shuka, ki dawo da dami." Shi ke nan wa'azin. Wadda ta zo ta ɗaya da wadda ta zo ta kashin baya, awonsu ɗaya. Damin da tsofaffin ɗalibai suka dawo da shi kuwa a kan haɗa shi cikin irin da za a raba wa na baya, don haka duk wadda ta karɓa ta san akwai gumin yayyenta a ciki. Yanzu kuwa takarda ake naɗewa a ɗaura mata ƙyalle, a miƙa wa yaro, a ɗauki hoto, a karɓe ta a ba na bayansa shi ma ya yi hoto da ita.

Mahaifina bai taɓa shiga coci ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Sarkin noma ne a garinmu, can bayan Ƙarfi, mutum mai kaushin hannu da kaushin baki. Ya bar ni na tafi makaranta ne don mahaifiyata ta hana shi sakat, amma kullum maganarsa ita ce boko ba ya cika rumbu. Ranar da na dawo gida da akwatina a ka da ƙwaryata a hannu, na miƙa masa takardar sakamako, ya riƙe ta a juye ya mayar mini. Sai ya sa hannu a ƙwaryar. Ya murza tsabar, ya shinshina, ya jefa guda a baki ya fasa ta da haƙori. Kaura ce, ja-ja, mai manyan ido. Sannan ya ce, "Wa ya zaɓi wannan?" Na ce mu ne. Ya ce, "Ashe dai ana koya muku wani abu." A duk zamana da shi wannan ce yabon da ya fi girma da na samu daga bakinsa. Shi da kansa ya nemo mini gora, ya nuna mini yadda ake cuɗa iri da toka don ƙwari, ya toshe bakin da ɓargon masara da laka, muka rataye a ɗakin mahaifiyata.

Shekarar nan ita ce ruwa ya ɗauke wa mutane da wuri. Gonar makaranta ta tsira don tana bakin fadama, amma a garinmu dawa ta bushe da cikinta. Kafin bazara ta yi nisa rumbuna sun koma ɗakin ɓeraye, ɓerayen ma suka yi ƙaura. Abin da na fi tunawa shi ne shiru. Garin da tun asuba kake jin lugude ta ko'ina, sai ga turame a kife, kaji ba su da abin tona. Muka ci tafasa, muka ci yaɗiya, muka ci dusar da a da awaki muke ba. Daga nan mutane suka fara sauko da irinsu, gida bayan gida. Ba na zagin kowa, yunwa ba ta san gobe ba. Namu irin ma na gidan an ci shi, don Baba yana da bakuna da yawa da ke jiran hannunsa. Goran nan nawa kaɗai ya rage a rataye.

Wata rana da hantsi ƙanen mahaifina ya shigo, Baffa muke ce masa. Ya ji labarin goran. Bai yi sallama da kowa ba ya wuce ɗakin ya miƙa hannu zai sauke. Na riga shi. Na fizgo goran na zauna a ƙasa na rungume shi a cinyata, alhali a gidanmu yarinya ba ta ɗaga ido ta dubi baffanta, balle ta ja da shi.

Ya ce, "Ke, ba ni nan. Mutane na kwana da yunwa kina ajiyar tsafin Nasara?"

Na ce, "Baffa, iri ne."

"Irin uban wa? Wa ya ce miki za a sake ruwa? Kawo a yi wa yara kunu."

Na ce, "An ce in ajiye, in shuka, in mayar da dami. Na amsa a gaban Allah. Sai dai ka doke ni ka ɗauka."

Ya ɗaga hannu kuwa. Mahaifiyata ta yi ƙara, Baba ya shigo daga zaure. Ya dubi ƙanensa, ya dube ni a ƙasa da gora kamar kaza a kan ƙwai. Na san shi ma cikinsa babu komai tun jiya. Na san kuma in ya ce in bayar, zan bayar. Ya daɗe yana kallon goran, sannan ya ce wa Baffa, "In mun ci wannan, tuwon yini ɗaya ne, gobe mu koma inda muke. Mu manya mun cinye namu, kunya ta ishe mu. Ƙyale yarinya da nata." Baffa ya fita yana cewa an haifi 'yar da ta fi ƙarfin gida. Ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwata.

Da ruwa ya sauka, Baba ya yanka mini gefen gonarsa mafi kyau, ya riƙe sungumi yana sara, ni ina binsa ina jefa tsaba ina takewa, uku-uku, ba a yarda ko guda ta faɗi a banza ba. Maƙwabtanmu suka yi ta yawon neman iri a kasuwar Bakori, abin da suka samo rabinsa bai tsira ba. Tawa ta tsira kamar an kira ta da suna. Da kaka ta yi, Baba ya hana a kai ko zangarniya ɗaya turmi. Na ɗaure damin makaranta, sauran aka raba shi iri. Limamin unguwar Musulmi ya aiko aka auna masa, Fulanin da ke zaune a gefen rafi suka zo da ƙwaryar nono suka koma da ƙwaryar dawa, Baffa ma ya aiko matarsa, don shi kunya ta hana shi zuwa. Tun daga nan ake kiran dawar nan 'yar mishan a yankinmu, masu sallah da masu zuwa coci duk haka suke ce mata. Na ɗauki damina a ka na kai makaranta da ƙafa. Sista Babba ta karɓa, ba ta yi mini wani dogon yabo ba, ta ce in je in taya 'yan ajin ƙarshe sussuka.

Tun daga wannan shekarar ban taɓa fashin kai dami ba. Na yi aure, na yi aikin koyarwa, na haifi na haifa, na binne miji, irin nan yana tare da ni. Sista ta tsufa ta koma ƙasarsu, an yi Fada bayan Fada, al'adar tana raguwa kamar gishiri a ruwa. Aka mayar da ƙarshen shekara cikin damina, aka fara raba irin a leda kamar gyaɗa. Sannan wannan masifa ta 'yan bindiga ta zo, wadda ta hana manomi zuwa gonarsa mai nisa, ta sa uwa ba ta barci in ɗanta yana makarantar kwana. Aka zagaye makarantar da katanga da waya, gonar ta rage a waje, ciyawa ta cinye ta. Duk da haka ina aika damina, ina cewa ai ko babu gona ana raba wa yara. Sai da Talatu ta yi mini waccan tambayar na matsa mata, ta ce ita dai tana ganin ana warware shi ana watsa wa kajin gidan Fada. Kaji! Na ce lallai kajin nan sun ci albarka, sai a sa musu ranar sallama su ma.

Na shirya na hau a-kori-kura har Malumfashi, na shiga Keke Napep zuwa makarantar. Fadan yanzu yaro ne, sa'an ɗana na uku, mai fara'a, ga ladabi. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwa, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Mama, wallahi ban san tarihin nan ba, ki yi mana gafara. Amma bana ba zai yiwu ba. Jami'an tsaro sun ce mu gama taro kafin azahar kowa ya kama hanya. An hana shigo da buhu ko ƙunshi. Kuma ki duba, lokacin shuka ya wuce, yawancin yaran nan a gari suke, ba su da gona. Me za su yi da dawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Fada, mu ma ba ranar aka ba mu muka shuka ba. Ajiyar ita ce karatun."

Ya ce, "Na gane, Mama. Amma ran yaran nan a wuyana yake. Bari ƙasa ta lafa, sai mu dawo da shi."

Ban raina tsoronsa ba. Na san ya yi jana'izar mutanen da aka kashe a gona, na san ba ya runtsawa sai ya ga motar ƙarshe ta fita da yara lafiya. Amma maganar a bari ƙasa ta lafa ita ce ta tsaya mini a wuya. Haka Baffa ya ce, wa ya san za a sake ruwa. Mutanen dajin nan sun ƙwace mana gonaki, sun ƙwace mana barci, sun ƙwace mana kasuwar yamma. Yanzu kuma mu da hannunmu za mu miƙa musu abin da ba su ma tambaya ba? Na ce masa, "Cikin katanga naka ne, Fada, ba zan ja da kai ba. Wajen katanga kuwa na Allah ne." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Ranar sallama na sa zanen zumuntar matan coci, na ɗauko masakina da tiyata, na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar da ke fuskantar ƙofar makarantar, tsakanin mai sayar da fura da mai ɗaukar hoto. Daga ciki ina jin waƙar Mas, ina jin ana kiran sunaye a lasifika ana tafi. Na yi addu'ata a kan masakin ni kaɗai, tunda ba mai yayyafa ruwa. Da aka buɗe ƙofa yara suka fito kamar an ɓalle wa tumaki shinge, baƙaƙen riguna na tashi, iyaye na ɗaga waya. Na ɗaga murya na ce 'yan ajin ƙarshe su zo su karɓi dawar sallama. Wasu suka duba suka yi dariya. Wata mata ta tambaye ni nawa tiya. Na hango Talatu cikin ƙawayenta, ta gan ni, ta sunkuyar da kai ta juya baya kamar ba ta san ni ba. Wannan ya yi mini zafi fiye da hannun da Baffa ya ɗaga. Na ce a raina, ko zan kai magariba a nan ba zan tashi ba, in ba wanda ya karɓa sai a zo a ɗauke ni da masakina.

Wani Alhaji da ya zo ɗaukar ɗansa, don yanzu har da maza a makarantar, ya tsaya a kaina, ya sunkuya ya ɗebi tsabar, ya fasa guda da haƙori kamar yadda Baba ya yi. Ya ce, "Mama, wannan ba 'yar mishan ba ce? Ina kika samo ta? Mahaifina ya noma ta har ya rasu, mu tamu ta ɓace tun da muka bar gonar daji." Na gaya masa daga inda ta fito, da ƙa'idarta. Ya juya ya ƙwala wa ɗansa kira, ya ce ya zo ya durƙusa ya karɓa. Yaron ya zo yana waige-waige, ya ce ba shi da abin zubawa. Muna cikin haka sai na ga inuwa a kan tabarmata. Talatu ce. Idonta ya yi ja. Ta cire hular nan mai kusurwa huɗu, ta juya ta, ta tara mini.

Na ce, "Ba ta haya ba ce?"

Ta ce, "Zuba kawai, Kaka, na wanke musu."

Na auna mata tiya guda, har ta yi tozo tana zubowa ta gefe, ta tare da rigar. Na dube ta cikin ido na ce, "Ki ajiye, ki shuka, ki dawo da dami." Ɗan Alhaji ya cire tasa hular, wasu 'yan kaɗan suka biyo baya. Yawancinsu dai sun shige motoci sun tafi, ban kuma bi kowa da roƙo ba. Fada yana tsaye a bakin ƙofa yana sallamar iyaye, ya ga komai, bai hana ba, bai kuma tako ba. Sai da na naɗe tabarma ya aiko a tambaye ni ko akwai saura. Na ce akwai, amma ba na kaji ba ne, wanda yake so ya zo da ƙafarsa.

A mota Talatu ta ce gidansu na Funtuwa duk siminti ne, sai wani ɗan tsiri a bayan ɗakin girki inda ake zubar da toka. Na ce ya isa, tokar ma za ta yi mata amfani. Ko kunya ɗaya ce, ko zangarniya biyar ta samu, ta ɗaure su ta kai, dami ne. Goran da Baba ya ba ni na nan, na ba ta shi, na nuna mata yadda ake toshe bakin. Yana rataye a ɗakinta yanzu, kusa da inda take cajin waya. Ban sani ba ko zan ga kaka mai zuwa, ban kuma san ranar da ƙasar nan za ta lafa ba. Amma irin da yunwa ba ta ci ba, tsoro ma ba zai ci shi ba muddin ina numfashi, kuma yanzu ko na daina, ya riga ya bar hannuna.